Abin da Aka Ɗora wa Jirgin Hambali

Hambali mai gyaran injin ban ruwa ne a Bunkure. Shagonsa rumfar kwano ce da benci ɗaya a bakin hanyar kasuwa, ƙasan wurin ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Ubansa kekunan ɗinki yake gyarawa a wannan rumfar, da ya rasu Hambali ya gaji wurin da akwatin sifanu, sai dai shi zamanin injin ban ruwa ya riska. Ya haura shekara arba'in, da matarsa Sa'a da 'ya'ya huɗu. Duk da aikin baƙin mai da yake yi, mutum ne mai ƙyanƙyami. Ba ya shan ruwa a kofin da wani ya sha sai ya ɗauraye, kuma in ƙuda ya faɗa masa a koko, ya haƙura da karin kumallo ke nan.

Abin da aka fi saninsa da shi a garin jirgi ne. Tun da ya fara riƙe babbar waya yake kallon jiragen yaƙi irin na da, masu farfela a hanci, da kuma yadda wasu ke ƙera ƙananansu suna tuƙawa daga ƙasa da rimot. Ya ƙera uku, duk sun faɗi. Na huɗun ne ya tashi ya kuma sauka lafiya. Faɗin fukafukansa ya fi tsawon mutum. Ya yi ƙashin jikin da siraran katako, ya cike da farin soson da ake naɗo firji da shi, ya shafe shi da fenti kore da ruwan ƙasa, ya zana masa haƙora a hanci. Injin kuwa na feshin maganin gona ne, irin wanda ake goyawa a baya, ya kwance shi ya rage masa nauyi.

In an tambaye shi, yakan ce jikin ba shi ne wahala ba, wuta ce wahala. Jirginsa na uku batir ɗaya ya sa masa, shi ke ba fulogi wuta, shi ke ba risiba mai karɓar umarni daga rimot, shi ke kuma juya 'yan motocin da ke jan jela da gefen fukafukai. Da injin ya ɗau zafi a sama sai 'yan motocin suka kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, jela ta kaɗa da kanta, jirgin ya sako kai cikin gonar tumatir. Daga nan ya koyi raba su. A na huɗun batirin fulogi na can gaba kusa da inji, na risiba na baya, kowanne da makunninsa, wayoyinsu ba sa ko gaisawa. Batiran daga tsofaffin kwamfutoci yake ciro su, ya gwada ɗaya bayan ɗaya, ya zubar da masu rauni, ya liƙe sauran da dalma. Rimot da risiba kaɗai ya saya sababbi a Kano.

Jirgi mai wannan nauyi ba a jefa shi da hannu, sai ya yi gudu a ƙasa mai santsi kafin ya ɗaga. Yankin kuwa duk fangali ne da kunya da kanal. Wuri ɗaya ne ya dace, wato dogon dandamalin siminti da Alhaji Ɗanbaba ke shanya shinkafa a kai, a bayan gari. Ɗanbaba yayan Sa'a ne, babban manomin shinkafa, yana kuma da shagon taki da maganin feshi. Shi ya ba Hambali izinin amfani da dandamalin ranar Juma'a da yamma, in an kwashe shanya. Filibus mai walda, maƙwabcin shagon Hambali, shi ke riƙe jela in za a tayar da inji. Haka suka yi shekara biyu, mutane na zuwa kallo a kan babura, ana ce wa Hambali Kyaftin, rabi wasa rabi girmamawa.

Bara, shinkafar rani ta fid da kai tana nono, sai jan baki suka sauka. Tsuntsayen nan ƙanana ne, ba su kai tafin hannu ba, amma in sun taso tamkar hayaƙi suke rufe sama, kuma gonar da suka yini a kai sai dai a girbe kara. Manoma suka ɗaura gwangwanaye a igiya, suka baza raga, suka yi ihu har muryoyi suka dushe. Hambali ma ya taimaka. Yakan tayar da jirgin ya bi ƙasa-ƙasa ta kan gonaki, tsuntsayen su watse. Ba a jima ba suka saba, jirgi na wucewa suna komawa.

A wannan lokacin Ɗanbaba ya zo shago da wata farar jarka marar rubutu, ya ajiye ta a kan benci.

"Kyaftin, jirgin yaƙi ka ce ka ƙera. To ga yaƙi ya zo har gida."

Ya bayyana cewa tsuntsayen a cikin kacalla suke kwana, wato doguwar ciyawar ruwa da ta cike magudanar da ke kwashe ragowar ruwan gonaki. Mutum ba ya iya shiga can da abin feshi, amma jirgi zai iya bi ta sama. Hambali ya tambayi abin da ke cikin jarkar. Aka ce masa maganin kora ne, warinsa ke sa su bar wurin kwana su yi gaba. Bai ƙara tambaya ba. Hankalinsa ya riga ya tafi ga yadda za a yi jirgin ya ɗauki ruwa ya kuma fesa.

Aikin ya yi masa daɗi, wannan ba ya musunsa. Ya samo ɗan famfon ruwan wanke gilashin mota, ya ga yana zuƙar wuta da yawa, in ya haɗa shi da batirin risiba zai iya kashe jirgin a sama. Sai ya yi masa batir na uku da fis nasa daban. A rimot akwai wani maɓalli da bai taɓa ba wa aiki ba, ya mai da shi na kunna famfo. Ya yi masa ɗan tankin magani, ya zaunar da shi daidai inda jirgin ke daidaituwa in ya ɗaga shi a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fukafukai, don kada hanci ya rinjaya in ruwan ya ragu. Ya ja robar ƙarin ruwa irin ta asibiti zuwa kowane fiffike, ya sa kan feshi a ƙarshenta. Da suka gwada da ruwan rijiya a kan dandamali, jirgin ya wuce yana jan farar raɓa a bayansa, Filibus ya yi tafi, Ɗanbaba ya ce wa mutane mijin ƙanwarsa ya fi ƙarfin Bunkure.

Gab da magariba suka yi na gaske, lokacin da tsuntsayen ke zubowa cikin kacalla. Ɗanbaba da kansa ya cika tankin, ya ɗaure hanci da rawani. Hambali ya kai jirgin ya komo, ya sake kai shi, har jarkar ta ƙare. Da jirgin ya sauko na ƙarshe cikinsa ya jiƙe da wani abu mai maiƙo, warinsa kamar an haɗa kalanzir da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Filibus ya yi ta tari yana goge hannu da ƙasa.

Washegari da safe Hambali ya hau babur ya je ya ga ko tsuntsayen sun tashi. Tun daga nesa ya hango mutane a bakin magudanar. Jan baki ne zube a ƙasa da kan ruwa, wasu sun sandare, wasu na juyi a wuri ɗaya da baki buɗe. Ba su kaɗai ba ne. Akwai balbelu da suka kife da fukafukai a baje, da kwaɗi da tarwaɗa ciki sama, da wata mage da ta ci ta mutu a gefen hanya, ƙudaje sun rufe mata ido. Leburorin Ɗanbaba na cikin ruwa har gwiwa suna kwasa da kwanduna suna durawa a buhun taki. A ƙarƙashin wani mangwaro an baza leda ana fiɗa, gashi na tashi yana manne wa mutane a fuska, can gefe kuma an ɗora manyan kaskon mai a wuta.

Ya tambayi ɗaya daga cikinsu ina za a kai. Mutumin ya ce tashoshin mota, wasu bakin titin Zariya, wasu cikin birni. Ya ƙara da cewa ai an cire kai da hanji, kuma mai zafi yana kashe komai. Yana magana yana tauna ɗaya. Hambali ya juya ya durƙusa a bakin kanal ya yi amai.

Da ya koma gida ya tarar da kwano a rufe a kan tabarma. Sa'a ta ce daga gidan Yaya aka aiko, soyayyun tsuntsaye ne da yaji, ta ajiye masa, sauran kuma na yara in sun taso daga makaranta. Ya tambaye ta ko ta ci. Ta ce ta ɗauki ɗaya, sai ta ji wani wari a ƙarƙashin yajin, ta mayar. Ya gaya mata abin da ya gani. Ta ɗauki kwanon ta juye a masai, ta wanke shi da toka da omo. Duk da haka ya ce kada a sake zuba masa abinci a ciki.

Bayan la'asar Ɗanbaba ya zo shago da jarka ta biyu, fuskarsa a sake. Ya ce saura wurin kwana ɗaya, can ƙasa inda magudanar ta bi ta bayan ƙauyen su Filibus. Filibus na rumfarsa yana ji. Ya kashe injin walda, ya ce a nan awakinsu ke shan ruwa, a nan matansu ke wanki, shi kam ba zai ƙara riƙe jelar jirgin ba. Ɗanbaba bai ko dube shi ba. Ya yi wa Hambali dogon bayani, kuma ba duka ne ƙarya ba. Ya ce akwai waɗanda gonar kadada ɗaya ce duk abincinsu na shekara, tsuntsayen sun kusa cinye ta. Ya ce tun kakanni ake cin jan baki, kuma kawo yanzu ba a ce wani ya mutu ba. Hambali ya ce wanda kakanni suka ci da raga aka kama shi.

"Yaya, kai ka ci?"

"Ni likita ya hana ni soyayyen abu."

"Amma ka aiko wa 'ya'yan ƙanwarka."

Ɗanbaba ya ce wannan aikin mata ne, shi bai san an aika ba. Daga nan muryarsa ta canza. Ya tuna wa Hambali cewa shekara biyu yana goge masa siminti da tayoyin abin wasa, bai taɓa cewa uffan ba. Yau da aka nemi abin wasan ya yi amfani sau ɗaya, shi ne za a tsaya ana yi masa wa'azi. Ya ce zaɓi na Hambali ne, ko jirgin ya tashi yau da jarkar, ko kuma kada tayarsa ta sake taɓa dandamalin.

Hambali ya san babu wani dandamalin. Ya ɗan jima yana kallon jirgin da ke jingine a bayan shago, warinsa ya cika rumfar. Sannan ya sa tsumma ya ɗauki jarkar, ya kai ta bayan motar Ɗanbaba ya ajiye.

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya. Ba zan tashe shi ba."

Juma'ar da ta biyo baya aka ga an jera buhuna a tsakiyar dandamalin daga wannan kai zuwa wancan. Sa'a ta je gidan yayanta ta yini, ta dawo ta ce maganar ba ta gyaru ba. Da Sallah ta kai yara gaisuwa, Hambali bai bi su ba.

Ya cire tankin da famfon da batir na uku, ya haƙa rami ya binne robobin. Maganin ya ci soson cikin jirgin ya mai da shi kamar ƙonannen tuwo, ya kuma shiga rigar wayoyi. Sai da ya yanke cikin gaba ɗaya ya sake sabo, ya canza duk wayar da ta bi ta wurin. Yanzu komai na aiki. In ya kunna rimot jela na amsawa, fukafukai na amsawa, inji na tashi bugu ɗaya. Ya duba filin ƙwallon makaranta, ramuka ne da turakun awaki. Ya auna hanyar bakin kanal, ta yi ƙunci, fiffike ɗaya zai bugi ciyawa. Titin kwalta kuwa manyan motoci ba sa yankewa. Tun ranar jirgin bai bar ƙasa ba.

Labari dai ya riga ya yi nisa. Da shinkafa ta sake fid da kai bana, wani manomi ya zo tun daga Garun Mallam yana tambayar shagon mai jirgin kashe tsuntsu. Ya ce ya riga ya sayi maganin, yana kuma da fili mai santsi a bayan gidansa, dogo, jirgi zai yi gudu yadda yake so, kullum ma in Hambali na so. Hambali na tsugune yana wanke kafireto a cikin fetur. Ya tambayi tsawon filin, mutumin ya faɗa. Ya isa, har da saura. Hambali ya goge hannu. Sannan ya ce wa baƙon ya matsar da babur ɗinsa daga bakin rumfa, jarkar da ke ɗaure a baya tana yoyo, kuma in yana da injin ban ruwa da ya lalace ya kawo.