Wutar da Ke Cikin Tsoka

Shekara ashirin da biyu maigidana ya yi yana haɗa na'urorin asibiti, ni kuwa ban taɓa tambayarsa yadda aikin yake ba. In dai ya dawo gida lafiya, shi ke nan. Sai da 'yarmu ta rasa hannun dama a haɗarin mota, daga ƙasan gwiwar hannu, na san wa nake aure.

Ya mayar da ɗakin ajiya wurin aiki. Ya ce duk sa'ad da mutum ya yi niyyar dunƙule hannu, tsokarsa takan fitar da wata 'yar mitsitsiyar wuta, ko da hannun ba ya nan. In ya kama wutar, za ta motsa hannun roba. Ɗan allon lantarkin da zai kama ta bai kai murfin kwalba ba, kuma dole ya riƙa shan batir da rowa, don kada a ɗora wa yarinya nauyi.

Ashe wayoyin wutar gida gunaguni suke yi kullum, allon kuma yana kwasowa har da shi. Sai a kashe fanka, a kashe firji, a zare caja. Na sha zufa har na gode Allah.

"Malam, ruwan sanyin ma ya haramta ne?"

"Yi haƙuri, saura kaɗan."

Kaɗan ɗin nan wata bakwai ya ci. Ya yi ta ƙara wa allon matata a kan matata don tace gunagunin, har layin da ke rawa a kwamfuta ya kwanta lif. Ranar gwaji da hantsi ya manna wa yarinyar 'yan faifan ƙarfe uku a dungulmin.

"Dunƙule, uwata."

Ta yi har jijiyar wuyanta ta miƙe. Layi ko gezau. A hankali ta ce, "Baba, bar shi kawai. Ya mutu ne."

Maganar nan ta ƙona mini rai. Shi kuwa ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ba daga gare ki ba ne. Ni ne garin gyaran gira na rasa ido." Ya ce muryar tsoka da gunagunin wutar gida kusan iri ɗaya ne, matatar da ta danne ɗaya ta danne ɗayan.

Ya ɗauki ƙarfen narka dalma, ya shiga ciccire wahalarsa ta wata bakwai, abubuwa ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Layi ya dawo da 'yar rawarsa.

"Sake dunƙulewa."

Layin ya yi tsalle, yatsun roba suka rufe. Ta saki, suka buɗe. Ni na haife ta, amma ban san Allah ya ajiye wannan a jikinta ba.

Ta juyo ta ce, "Umma, miƙo hannunki."

Na miƙa. Riƙon ya yi zafi, ban ce ta sassauta ba.