Dakta Tahira Gado da Kwaltar Karan Gero

An haifi marigayiya Tahira Gado a Jiratawa cikin shekarar 1966. Mahaifinta Malam Gado manomi ne, mahaifiyarta Tsahara kuwa maginiyar tukwane ce wadda aka san hannunta har kasuwar Maraɗi.

Karatu

A 1973 aka sa ta lakwal a Tsibiri, a hannun kawunta Idirisa, daga nan ta wuce lise a Maraɗi, sannan jami'a a Yamai, inda ta karanta ilimin sinadarai har ta samu digirin dakta a 1997.

Aure

A 1992 aka ɗaura mata aure da Alhaji Abdulƙarim Chaibu, dillalin gazuwal, wato man dizal, a Sabon Gari, wanda har ya tsufa yana faɗa cikin raha cewa shi kaɗai ne attajirin da ke ciyar da mai neman kashe masa kasuwa.

Aikin Jiratawa

A 2009, da gazuwal ya gagari masu noman rani, ta shawo kan ƙungiyar manoman Jiratawa suka ba ta karan geronsu, wanda shi ne dangarsu da abincin bisashensu, domin a turara shi a samu iskar da za ta tada injin ban-ruwa. Injin ya tashi, amma baƙar kwalta mai danƙo da karan ke fitarwa ta toshe shi, albasa ta soma ƙuna, ga kara ya tafi. Manoman suka ba ta wa'adi zuwa rani mai zuwa.

Maganin shi ne a ratsa tururin kwaltar ta cikin wani abu mai zafi da zai narkar da danƙonta ta koma tsinkakken mai, kuma irin wanda ake sayowa daga waje ya fi ƙarfinsu. Sai ta koma ga abin da ta tashi cikinsa, wato jar katangar fasassun tukwane, wadda ƙasarta ke da sinadarin ƙarfe, domin a daka ta a zafafa a madadin na wajen.

Nan fa aka yi cirko-cirko, domin da katangar ake rufe kabari a garin. Wani dattijo, Maman Lawali, ya tare ta ya ce, "Ɗiyar Tsahara, in kin dake ta duka, da mi za a ruhe mu?"

Ta ce, "Baba, tsingaron da bai isa kabari ba shi nika so. Manyan naku na."

Ba ta taɓa saɓa wannan alkawari ba. Duk katangar da aka kawo, da hannunta take ware manya ta jingine wa maƙabarta. A watan Fabrairun 2011 kwaltar ta fito ta zama tataccen mai garai-garai, aka gauraya shi da gazuwal kaɗan, injin ya sha, ruwa ya koma fadama. Abin alfahari ne ga Jiratawa har yau.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa a Maraɗi ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta a Jiratawa bayan la'asar. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Shamsu, Halimatussa'adiya, Nabil da Fatimatuzzahra. Da aka zo rufe kabarinta ba a nemi katanga ko'ina ba, an ɗauko daga wadda ta ware da hannunta a makon da ta kwanta. Allah Ya jiƙanta.