Mutum Goman da Baba Makluf Bai Samu Ba

Kullum da sassafe, kafin Si Larbi ya hura wutar gidan burodinsa, Baba Makluf Azeruwal ya riga ya buɗe majami'ar unguwarmu ta Malla. Ya share ƙasa, ya ƙara wa fitila mai, ya kakkaɓe kujerun da aka manta rabon da a zauna a kansu, sannan ya yafa mayafin addu'a ya yi ibadarsa shi kaɗai. Yahudawan da suka rage a garin nan maza huɗu ne, sai mu 'yan tsofaffin mata.

Baƙinsa 'yan fim ne. Duk shekara sai sun zo daga Kasablanka ko Faransa, wai gininmu yana da kyau a kyamara. Shi ke buɗe musu, shi ke hana su jingina fitilunsu da ma'ajiyar Attaura, shi ke koya wa 'yan wasa yadda ake yafa mayafi. Wani darakta ya taɓa zuwa da buhun baƙaƙen huluna irin na Yahudawan Turai.

"Ɗana, a wannan zafin?" in ji Baba Makluf. "Ubana a jallabiya ya rayu, a jallabiya ya mutu. In ka sa masa wannan, ko uwata ba za ta gane shi ba."

"Baba, masu kallo wannan suka sani."

Aka kuwa sa hulunan. Haka yake shan kaye, gobe kuma ya sake yi musu gardama. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙarshen labarinsu da ba ya sauyawa: tsoho ya ɗauki akwati, ya kulle ƙofa, ya waiwaya, a saki kiɗan tausayi. Sun sha roƙonsa ya fito a tsohon, yana ƙi. "Ku nuna mu muna cin tukunyar Asabar mana, muna gulmar maƙwabta! Kullum kuka da akwati? Ga ni nan, ban je ko'ina ba."

Bara matarsa Firiha ta rasu. Ba su haifu ba, don haka shi zai karanta mata Kadish, addu'ar mamaci, wadda ba a karanta ta sai da maza Yahudawa goma a tsaye. Tun da baƙin jana'iza suka watse bai ƙara samun goma ba, ga watannin makoki suna ta ƙarewa.

Ana cikin haka aka zo ɗaukar wani babban fim. Aka ɗebo maƙwabtanmu Musulmi, aka cika majami'a da su maƙil, kowa da mayafi. Daga benen mata na hango Baba Makluf a bakin ƙofa. Rabonsa da ganin ɗakin nan a cike tun yana saurayi. Mu ba ma ƙirga mutum da yatsa, sai ya bi su da ido: mazanmu huɗu, ga darakta Bayahude ne, mai ɗaukar sauti ma haka. Shida.

Si Larbi, da aka manna wa gemun auduga, ya raɗa masa, "Makluf, ƙirga da ni mana. Shekara nawa tukunyar Asabar ta Firiha tana kwana a murhuna, tunda ba ku hura wuta ranar?"

"Da ana yi, ɗan'uwa, kai ne na fari."

Darakta ya matso. "Baba, karanta addu'ar mamacin nan, za ta yi kyau a wurin nan."

"Ba mu cika ba."

"Ga ɗaki a cike!"

"A cike yake, ɗana. Mu ne ba mu cika ba."

Sai aka sa wani ɗan wasa ya motsa baki, daga baya a ɗora murya. Baba Makluf ya gyara masa mayafi da hannunsa, ya koma gefe. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.

Baba Makluf, kai ne mai makullin da bai taɓa makara ba. Kai ne ka ƙi karanta wa kyamara abin da ka kasa karanta wa matarka. Mun gode. Amma ba zan yi maka ƙarya ba: fina-finan za su daɗe bayanmu, kuma jikokin waɗanda suka tafi za su ɗauka kakanninsu baƙar hula suke sawa, ba su iya komai ba sai kuka.

Ku masu kyamara, ku yi koyi da shi, ku tsaya kan gaskiyar mutane ko da masu kallo ba su saba da ita ba. Ku 'ya'yanmu na ƙetare, in za ku zo, ku bar kyamara a gida, ku zo ku tsaya a sahu. Mutum shida kawai ya nema su cika huɗunmu goma, ya rasa.

Ranar Lahadi ya tafi Kasablanka, inda ake samun goma, domin Firiha ta samu addu'arta kafin lokaci ya wuce. Ya ɗauki akwati, ya kulle ƙofa, ya miƙa wa Si Larbi makulli. Da ya kai bakin lungu na ga ya tsaya kamar zai juyo, sai ya daure ya wuce. Ya ƙi waiwayawa.