Karfasa da Lemon Tsami Don Baba

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da watan nan da na yi ina daga da mahaifina a kan kifi.

Baba baduku ne a unguwar Birni, a nan Damagaram, kuma mutum ne mai son nama da gishiri. Da tansiyo, wato hawan jini, ta kayar da shi, likita ya hana shi gishiri da jan nama, ya ce a koma wa kifi. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, girkinsa a hannuna yake. Ranar farko da na kai masa miyar kifi ba gishiri, ko murfin kwanon bai gama ɗagawa ba ya ture.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ban ci abin ƙarni ina saurayi ba, ba zan fara da furfura ba."

Sai fura kawai yake kurɓa. Cikin mako biyu ya rame, har basilla ta fara faɗuwa daga hannunsa in ya zauna ɗinkin fata. Na yi kuka a madafa, na share hawaye, na ce wallahi sai ya ci.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da ta tashi a wajen Difa inda kifi ne abincin kullum, ita ta nuna mini hanya. Ta ce in samo kifi karfasa, in wanke ta da lemon tsami, in tsattsaga jikinta, in cusa dakakkiyar tafarnuwa da citta da albasa, in gasa a gawayi, in na sauke in ƙara matsa lemo. "Tsami yana tsaya wa gishiri, 'yar nan," in ji ta. "Ke dai ki iya hannunki."

Ban iya ba. Na farko na bar shi ya daɗe cikin lemo har ya dagargaje. Na biyu ya ƙone. Na uku na matse lemon har da 'ya'yansa, ya yi ɗaci. Kowanne Baba ya dubi kwano ya kau da kai. Ranar kasuwar Mirriya na shiga mota na je na zaɓo lemo ɗanye shar na garka, mai siririn ɓawo, na dawo na ci gaba da gwadawa.

Da hannuna ya faɗa, sai na sake dabara. Ban kai masa ba. Na jawo murhu kusa da ƙofar ɗakinsa da hantsi, na gasa, na matsa lemo a kan zafin har ƙamshi ya cika tsakar gida, na zauna ina ci ni kaɗai. Ina jin motsinsa a kan tabarma, na ƙi waiwayawa.

Can ya yi gyaran murya. "Wai yanzu a gidan nan ba a yi wa mutum tayi ne?"

Na miƙa masa. Ya ci gefe ɗaya, ya juya da kansa ya cinye ɗayan, ya ce gobe in rage citta.

Shekara shida ya ƙara yana sana'arsa kafin Allah ya karɓi abinsa. Abin da na koya shi ne, in kana son ceton wanda kake ƙauna, kada ka gaji, amma kuma ka bar masa girmansa ya miƙo hannu da kansa.