Zaren da Ya Jira Shamuwa

Shekara biyar ke nan ina gyaran firiji a wani babban kanti da ke unguwar Old Airport a Doha, kuma duk a ƙarƙashin mutum guda: wani dattijon injiniya ɗan ƙasar Bulgeriya, gajere, mai furfura har a gira. Oga nake ce masa. Shi kuma "ɗan Zariya" yake kirana, don tun ranar farko na cika masa kunne da labarin garinmu.

Ranar ɗaya ga watan Maris na shekarata ta farko ya zo aiki da wani zare ja da fari, a murɗe, ɗaure a tsintsiyar hannunsa. Ni kuwa bakina ba ya da linzami. Muna tsugune gaban injin, fanka na juyawa, na ce, "Oga, wannan layar taka za ta ja maka hannu cikin fanka. Ka cire mu yi aiki."

Bai ji haushi ba. Ya ce ba laya ba ce, al'adar ƙasarsu ce. Idan sanyi ya fara ja da baya kowa yakan ɗaura wa nasa irin zaren nan, ba a kuma kwancewa sai an ga shamuwar farko ta dawo, sannan a ɗaura shi a reshen bishiya. Na kwashe da dariya, na ce to a Doha ina zai ga shamuwa, sai dai tattabarun kasuwar Souq Waqif. Ya ce ba sai ya gani da idonsa ba. Mahaifiyarsa ce ke murɗa zaren ta aiko masa, ita ce kuma ke ganin masa tsuntsuwar.

A hankali na san gidan tsohuwar kamar na taɓa kwana a ciki. Yana gindin wani tudu da ke da ganuwar dutse tun ta sarakunansu na da, kafin Turkawa su ci ƙasar. Bayan gidan akwai dogon bututun hayaƙi na wani tsohon gidan burodi, a kansa shamuwa ke sheƙa. Duk safiya tsohuwar takan buɗe taga ta duba. Ranar da ta gani sai wayarsa ta yi ƙara, ta ce masa, "Ta iso, ka cire." Sau biyu aka yi wannan kiran a gabana. Zai ajiye sukuddireba, ya miƙo mini hannu in kwance masa, yana ta fara'a kamar an ce masa matarsa ta haihu.

Abin bai zame mini baƙo ba. Mu ma akwai wani rimi a bayan gidanmu, jikin ganuwa, inda shamuwa ke sauka gab da damina. Duk ƙiriniyarmu ba mu taɓa jifanta ba.

A shekara ta uku wani kamfani ya saye layinsu kaf zai gina katafaren kanti. Tsohuwar ta ce ba inda za ta je. Oga ne ya yi ta lallashinta ta waya: ta haura tamanin, ita kaɗai ce, da itace take ɗumama ɗaki, ga shi za a ba ta gida a saman bene mai ɗumi. Har ta haƙura ta sa hannu. Ya ce mini, "Ni da nake cin abinci a kanti, ina na ga bakin cewa kada a gina kanti?"

Da aka fara haƙa sai aka tarar da harsashin wani coci na zamanin sarakunan nan, da kaburbura, da ɓaraguzan bango masu zane. Aiki ya tsaya wata da watanni, masana na share ƙasa da ƙananan burushi. Daga baya aka rufe wani sashe da gilashi, aka ɗora ginin a kai.

Maris na shekara ta huɗu zare ya iso kamar kullum, amma kira bai zo ba. Tsohuwar takan buga ta tambayi lafiyarsa, ba ta dai faɗin abin da yake jira. Tagarta ta yanzu wurin ajiye motoci take kallo. Sau ɗaya ta daure ta hau bas ta koma tsohuwar unguwar. Ba bututu, ba sheƙa, ko inda ƙofar gidanta take ba ta gane ba. Cikin watan Afrilu ta rasu.

Ya yi kwana goma a gida ya dawo, zaren na nan a hannunsa. Ya nuna mini hoto a waya: takalmansa a kan gilashi, a ƙarƙashi duwatsu da fitilu, a gefe wata mata na tura keken sayayya.

"Nan ne tsakar gidanmu," ya ce. "Shekara sittin tana shanya a kan mutanen sarki ba ta sani ba. Su an yi musu gilashi da fitila. Ita ko sunanta babu."

Sai kuma ya ce, "Ni na fitar da ita, ɗan Zariya."

Mayu ya shigo da zafinsa. Zaren ya yi baƙi da giris da gumi, ja da farin sun ɓace. Wata rana muna kan rufin kanti da tsakar rana, injin ya ƙi tashi, zaren ya maƙale a wata wayar wuta, saura ƙiris fanka ta taɓa shi. Raina ya ɓaci. Na ce, "Oga, khalas, ya isa haka! Mai kiran ta tafi. Ka cire abin nan kafin ya ci hannunka." Ya dube ni, ya ja hannun rigarsa ya rufe zaren, ya ci gaba da aiki. Magana zarar bunu ce. Na yi nadamarta tun kafin in rufe baki, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

Bayan kwana biyu yayata ta turo mini bidiyo daga gida: shamuwa uku a kan riminmu, ga hadari na haɗuwa a baya. Na ruga na kai masa. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan baƙa ce," ya ce. "Tamu fara ce, kuma ta fi girma."

Na ce, "Oga, shamuwa shamuwa ce."

Ya sake kallo. Ya ce, "Wa ya gan ta?"

"Yayata."

"To ta faɗa da bakinta."

Na kira ta, na ce, "Yaya, ga ogana, mahaifiyarsa ta rasu. Ki ce masa shamuwa ta iso, ya cire." Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta yi masa ta'aziyya tukuna, sannan ta ce, "Baba, shamuwa ta iso. Ka cire."

Bai jira in fassara ba, ya miƙo hannu. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da na sa filaya na yanke. Muka zagaya bayan kanti inda ake sauke kaya, akwai wata magarya a jikin katanga, ya ɗaura shi a reshe. Ya tsaya yana kuka a fili, direbobin manyan motoci na kallonmu. Ni ma na kasa riƙe nawa.

Bana, ranar ɗaya ga Maris, ya zo da zaren da ya murɗa da kansa, duk ya karkace. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ka gaya wa yayarka ta riƙa dubawa."

Na ce to. Wata biyu kafin nan ta gaya mini an sare rimin, an baje wannan sashen ganuwar, ana jera shaguna. Jiya ma ya tambaye ni ko ta kira, na ce masa damina ce ta makara.