Sawun Guza a Barandar Kausara

A Salaga, in wani abu ya tare a ƙarƙashin barandarka, ko ƙasan shagon katakon nan da ake ɗorawa kan duwatsu, Zibrim kafinta za a ce ka nema. Gafiya ce, tunku ne, kai ko kumurci ne, aikinsa ya sallame su, ya rufe wurin yadda ba za su dawo ba. Gajeren mutum ne mai furfura a gemu, wanda ba ya sauri ko da ruwa ya tsuge a kansa. Matarsa ta gaji da yi masa mita a kan haka tun ana kashe tsohon kuɗin sidi.

A nan aka haife shi, amma yana ɗan shekara sha huɗu aka kai shi Yendi koyon kafinta wurin wani kawunsa. Daga can ya wuce Bawku, ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana kafa wa 'yan albasa da 'yan hatsi rumfuna. Can ya ga ɓarnar gafiya, buhu sama lafiya lau, ƙasa an rarake shi, can kuma ya koyi maganinta. Ba ya sa guba, don dabbar za ta je ta mutu inda hannu ba ya kaiwa, wari ya kori mutane. Abin da yake yi, ya haƙa rami kamu ɗaya kewaye da baranda, ya kafa ragar waya, ya lanƙwasa gindinta waje don mai tono ya ci karo da ƙarfe, ya bar ƙofa guda. A bakin ƙofar sai ya tankaɗe toka da rariya. Kullum da safe ya zo ya tsuguna ya duba sawu. Sai ya tabbatar mai ɗakin ya fita, bai kuma bar 'ya'ya a ciki ba, sannan ya rufe.

Bara da damina aikin ya biyo shi har gida. Ƙanwarsa Kausara tana sayar da shinkafa da wake a wata rumfa mai barandar katako daura da tashar mota. Da rumfar nan take riƙe gidanta tun rasuwar mijinta, ba ta da wata hanya. Wata safiya direbobi na tsakar cin abinci, sai ga guza ya fito daga ƙasan baranda, tsawonsa ya kai hannun babban mutum, ya ɗauki kan kifi ya yi gaba abinsa. Wani direban Yendi har takalmi ɗaya ya bari a wurin. Kafin azahar labari ya kai kunnen tankas, wato duba-gari, ya zo da takardarsa. Kwana bakwai ya ba ta, ko a fitar da dabbar a rufe ƙasan, ko a rufe rumfar.

Kausara ta aika aka kira Zibrim. Ko gaisuwa ba su gama ba ta ce, "Yaya, ka kawo siminti ka toshe mini wurin nan yau."

"In yana ciki fa?"

"Ya mutu mana. Ɗan'uwana ne?"

"In ya mutu, ke za ki riƙa zuba wa mutane abinci a kan gawarsa," in ji Zibrim, ya ɗauki digarsa.

Kwana biyu ya yi yana haƙa yana kafa raga, ya tankaɗe tokarsa. Safiya ta uku ga sawu raɗau, farata da layin jela, ya nufi waje. Kausara ta ce to a rufe. Ya ce a bari a ga gobe, ko su biyu ne. Gobe ta yi, ga wani sawun na fita, babu na shiga. Jibi ma haka. Zibrim ya kwanta rub da ciki ya ƙura ido, ya ga ƙafar gaba ta hagu babu yatsa ɗaya a duk sawun ukun. Guza ɗaya ne ke nan, yana fita ta ƙofar, amma ba ta nan yake shiga ba.

Ran Kausara ya ɓaci ƙwarai. Ta ce, "Kwana biyu suka rage, kai kana nan kana karatun toka kamar mai duba. In aka rufe ni, gidanka zan kwaso kayana in tare."

Rana ta shida Zibrim ya bi ragar kamu-kamu, bai ga inda ta ɓule ba. Sai ya ce ta sauke tukunya, ta janye kujerarta. Ya sa kan guduma ya ɗaga katakon da take zama a kansa. Wani sanyi ya taso ya buge shi a fuska, da warin tsohon ruwa.

Rijiya ce. Irin tsofaffin rijiyoyin Salaga ɗin nan da mutanen dauri suka sassaƙa cikin dutse, an rufe bakinta da itace an zuba ƙasa an manta, itacen ya ruɓe, ƙasar ta rufta. A gefenta akwai tsaga da ta ɓulla kwalbatin bayan rumfa, nan ce hanyar guza. Dirkar tsakiya, wadda ke ɗauke da Kausara da tukunyarta da murhun gawayi, a leɓen rijiyar take tsaye, rabinta a iska. Zibrim ya danna dirkar da babban yatsa, yatsan ya shige, ta ruɓe.

Tsoro ya kama shi, kunya ta biyo baya, kuma kunyar ta fi. Tsofaffin unguwarsu ba sa kafa ko turken akuya sai sun bi wurin da sandar ƙarfe suna bubbugawa, suna sauraron inda ƙasa ke amsawa da ƙarar rami. Mahaifinsa ya nuna masa haka tun yana ƙarami. Amma da ya dawo daga Bawku, inda ya shekara ashirin yana kafa dirka bai taɓa cin karo da tsohuwar rijiya ba, ga sababbin kayan aiki ga girman kai, ko tunawa bai yi ba. Barandar nan ita ce aikinsa na farko bayan dawowarsa, shekara sha ɗaya da suka wuce.

Kausara ta leƙa, ta ja da baya, ta dafa bango. Can ta sassauta murya ta ce, "Yaya, mayar da katakon. Ka sake dirkar, ka toshe tsagar. Tankas raga zai gani, ba zai ɗaga katako ba."

Gaskiya ta faɗa, Zibrim ma ya san haka. Ya kuma san leɓen da ya zube sau ɗaya zai ƙara zubewa, in kuwa cike rijiyar za a yi, sai damina ta bi ta kai sau biyu kafin ƙasar ta zauna. Wuri a bakin tasha kuwa ba ya jiran kowa, kuma direba duk inda ya saba cin abinci nan zai ci gaba.

"Ba zan mayar ba," in ji shi. "Ni na zaunar da ke a nan, ban buga ƙasa ba. Ba zan sake zaunar da ke ina sane ba."

"To ina zan kai tukunyar?"

"Ban sani ba tukuna, Kausara."

Ta dube shi, idonta ya ciko. Wasu direbobi biyu suka iso, sun saba ko tambaya ba sa yi, suka zauna kan benci. Ta juya ta ce musu su yi haƙuri su tashi, yau babu abinci, gobe ma babu. Ta naɗe gammo, ta ɗora tukunyar da ko rabi ba ta sayar ba, ta bi hanyar gida.

Zibrim ya tsuguna ya shiga cire katakon ɗaya bayan ɗaya. Duk ƙusar da ya zare sai ya miƙe ta a kan dutse ya jefa a gwangwani, don ya san Kausara ba ta da halin sayen sababbi.