Aninan Kawu a Rufin Ɗakina

Jiya mai gyaran rufi ya sauko daga saman ɗakina, ya miƙo mini wani anini mai huda, duk ya yi baƙi. Nan take na tuna Kawu, yayan mahaifiyata.

Wani Nasara da ya gama aikin haƙar ma'adinin uraniyum a garin Arlit ne ya bar masa littafin hotunan kuɗin zamanin Turawa. Kawu bai iya Faransancin da aka rubuta littafin da shi ba. Tsofaffin kuɗin da yake tarawa yake ɗorawa kan hoto, yana juya shi da yatsa har su dace, sannan ya mayar cikin gwangwanin shayi. Ko taɓawa ba ya bari mu yi.

Wata shekara ina cikin jego iska ta yaye mini kwanon rufi, don ramukan ƙusa sun buɗe. Kawu ya zo da gwangwaninsa ya hau, yana zura ƙusa a hudar kowane anini yana bugawa.

Na ce, "Kawu, abin da ka yi shekaru kana tarawa?"

Ya ce, "Ɗiyata, hotonsu na nan cikin littafi. Ke dai kai jaririn inuwa."

Allah ya lulluɓe shi da rahama, yadda ya rufa mana.